Ranar da na hana a ce wa Laminu "da sauƙi"

Har gobe ban manta da safiyar da Alhaji Garba na Tsibiri ya shigo biron namu, wato ofishinmu, ba. Lokacin ina ajan, wato mai yanka tikitin jirgi, a wata ƙaramar ajans kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Zamanin da aka fara jam'iyyu ne, yau yajin aiki gobe zanga-zanga, filin jirgin Yamai kuwa a rufe yake.

Wan Alhaji, Malam Hasan, na kwance rai a hannun Allah. Ɗansa Laminu kuma yana Mosko yana karatun likita. So suke ya zo su gana.

Ku yaran yanzu waya na aljihunku. Mu sai mun nemi layi ta gidan waya, a zauna jira. Kafin layin ya samu na duba hanya. Daga Mosko zuwa nan ba tafiyar wuni ba ce, ko jirgi sai ya yada zango. Tunda Yamai ta toshe, na samo masa ta Alƙahira ya sauka Kano, mota ta ɗauko shi ta Katsina. Kujera ɗaya ta rage, kuma in ta wuce sai wani mako.

Layi ya samu. Alhaji ya karɓi waya, suka gaisa kamar ba komai. Sai na ji ya ce, "Jikin tsoho? A'a, da sauƙi, da sauƙi. Yana dai son ganinka."

Kun san halinmu. Ba a gaya wa na nesa mugun labari, sai a lulluɓe. Laminu kuwa ya ɗauka da gaske. Ina jiyo muryarsa yana cewa tunda da sauƙi, bari ya gama jarrabawa.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, ba ni wayar."

Ya ce, "Mi za ka ce mishi? Kada ka tada hankalin yaro a ƙasar mutane."

Shef ɗinmu, wato shugaban ajans, ya harare ni, don Alhaji babban mai hulɗa da mu ne, kuma ba a shiga maganar gidan mutane. Ni dai na miƙa hannu, ban janye ba, har ya ba ni.

Na ce, "Laminu, ba ka san ni ba, mai tikiti ne. Mahaifinka ba sauƙi. In ka bar jirgin gobe, ban ce za ka iske shi ba."

 Sai Laminu ya ce, "Baba, yanka tikitin."

Alhaji ya fita ko sallama babu. Shef ya ce in muka rasa shi, ni ma in nemi ƙofa.

Laminu ya iso Tsibiri da la'asar, da rigar sanyinsa a kafaɗa. Malam Hasan ya gane shi, ya riƙe hannunsa, ya sa masa albarka. Washegari da hantsi aka kai Malam Hasan makwanci, Laminu na cikin masu ɗaukar makara.

Ran addu'ar bakwai Alhaji ya kama hannuna gaban jama'a, ya ce, "Wannan shi ya kawo muna yaro." Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Abin da na koya shi ne, "da sauƙi" ta mutumin Jiratawa nan kusa ce, wanda zai hau keke ya zo ya gani da idonsa. Wanda ke bayan teku ba shi da ido sai bakinka. Shi ya sa har na ajiye aiki, duk wanda ya zo kiran ɗansa gida, kafin in taɓa tikiti sai na tambaye shi, "Kun gaya mishi gaskiya?"