Tana Bakin Ƙofa

Kakata Inna Hajo ba ta fara tatsuniya sai an amsa mata. A ƙauyenmu da ke gefen Faru, cikin ƙasar Maradun, in an gama girbi sanyi ya sauko, mukan tara karan gero a ƙofar ɗakinta mu hura wuta bayan cin tuwo. Ni da yayana Sani da 'ya'yan maƙwabta, kowa ya tura gyaɗarsa cikin toka. Sai ta miƙe ƙafafun nan nata masu kaushi wajen wuta, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, tana bakin ƙohwa." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo mu ji ta."

In gyaɗa ta ɗauke mana hankali muka yi shiru, ita ma sai ta ja bakinta ta tsuke, ko da wutar za ta mutu. Sani ya gane haka, shi ya sa yakan cika bakinsa da gangan. Sai ta harare shi, ta ce, "Wane irin maigida na kai, baƙuwa na tsaye kana cin gujiya? Tatsuniya ba ta kutsawa gidan mutane. In ba a ce ta shigo ba, komawa takai inda ta hito."

Akwai wadda ta fi son yi mana, har mun haddace ta. Wai wasu 'yan mata ne, ya da ƙanwa, aka tura su korar tsuntsu a gonar gero, kowacce a kan rumfarta da ƙwaryar furarta, gero ya yi tsawo ba sa ganin juna. Ƙanwar matsoraciya ce, jim kaɗan sai ta kira, "Kina nan?" Yayar ta ce, "Ina nan." Haka suke wuni. Wata rana yayar ta gaji, ta ce a ranta, ai ta san ina nan, sai ta yi banza da ita. Ƙanwar ta kira ta sake kira, ta ji shiru, ta ɗauka wani abu ya ɗauke 'yar'uwarta. Ta sauko ta shiga nema, ta wuce gona, ta wuce rafi, ta nutsa cikin daji tana kira har ta rikiɗe ta zama kurciya. Inna ta ce ita ce har yau take kukan nan a kan itace, tambaya take yi. Lokacin ni abin da ya dame ni shi ne wa ya cinye furar ƙanwar. Na tambaya, aka yi mini dariya.

Yau shekaruna sun kusa na Inna a wancan lokaci. Ta rasu ina makarantar horon malamai. Sani ma ya bi ta. Ƙauyen kuwa, tun da hanya ta lalace da 'yan bindiga mutane suka watse, an ce mini ciyawa ta rufe inda muke hura wuta. Ina zaune a Talata Mafara, na ajiye aikin koyarwa, maigidana ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yana suna garuruwa masu nisa. Suna kira a waya, Allah ya yi musu albarka, amma in wayar ta katse gidan yakan fi da shiru. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, ba na ɓoye wannan.

Shi ya kai ni ɗakin karatu na gari. Ba ƙaton wuri ba ne. Akwai teburin jaridu inda dattawa ke zama, da kusurwar ɗalibai masu shirin jarrabawa, da ajin yaƙi da jahilci na matan aure ranar Laraba. Ana ba da aron littafi a tafi da shi gida. Ni dai da sunan aro nake zuwa, amma gaskiya motsin mutane nake bi.

Wata rana Malama Rabi, mai kula da sashen yara, ta tare ni. Ta ce, "Hajiya, muna son buɗe zaman tatsuniya ranar Asabar da hantsi. Yaran nan ba su san ko ɗaya ba. Ke za ki yi muna."

Na ce, "Tatsuniya da rana, Malama? Mu da aka ce wanda ya yi zai ɓace a kasuwa?"

Ta yi murmushi. "Daren ai ba namu na ba yanzu, Hajiya. Magariba na yi kowa ya kulle gida."

Sai na amsa zan yi. Duk makon ina ta maimaita tatsuniyar kurciya a raina, ina tsoron kar a ce ta tsere mini. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ji ta daga bakin Inna.

Ranar Asabar na tarar an shimfiɗa tabarmi, yara sun zauna a jere kamar masu jiran allura. A bango an rubuta da manyan baƙaƙe cewa a yi shiru. Na zauna, na gyara mayafi, na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, tana bakin ƙofa."

Ba wanda ya ce uffan. Wata ƙaramar yarinya ta waiga ta dubi ƙofar. Wasu suka ɗora yatsa a baki, don tun da suka fara zuwa wurin nan abin da aka koya musu ke nan, kuma ladabi suke yi mini. Na sake faɗa. Shiru. Malama Rabi ta fita amsa waya, babu mai cetona. Da na so sai in koya musu amsar, malama ce ni. Amma ban koya musu ba. Na ji kamar ina tsaye a ƙofar ɗakin Inna ina sallama, gari ba kowa.

Sai wata murya ta fito daga teburin jaridu, a dishe: "Ta zo mu ji ta."

Wani dattijo ne mai farin gemu, ya sauke jaridar a cinyarsa. Yara suka fashe da dariya, ganin babba ya karya doka. Ya dube su ya ce, "Ku amsa mata mana, ɗiyan nan. Ba a barin baƙo tsaye." Suka amsa a hargitse, wasu na cewa ta zo, wasu na cewa ta shigo. Ta kuwa shigo. Na yi ta tun daga rumfa har kan itace, ban manta ko kalma ba. Da na gama, yarinyar nan mai duban ƙofa ta tambaye ni ko yayar ta je nemanta.

Da za mu fita muka gaisa da dattijon, gaisuwa mai tsawo. Ashe daga wani ƙauye yake kusa da namu, gudun 'yan bindiga ya kawo shi. Ya ce, "Hajiya, tun da munka baro gida, yau na hwara jin an yi kira irin namu. Bakina ya riga ni amsawa."

A hanyar gida na tuna abin da ban taɓa lura da shi ba ina yarinya. Inna 'yar Bakura ce, aure ya kawo ta ƙasar Maradun, kuma tana da ƙanwa a can da ba su cika ganin juna ba. Kakanmu ya daɗe da rasuwa, manyan gida kowa na hidimarsa. Da rana ba mai zama da ita. Mu muna ɗauka doka ce ta tatsuniya take tsare mana. Ashe tsohuwa ce take tambaya ko muna nan.

Har yanzu ina zuwa kowace Asabar, kuma yaran sun iya amsa har Malama Rabi na roƙonsu su rage murya. In na dawo, gidan yana nan yadda na bar shi. Da la'asar wata kurciya kan sauka a darbejiyar maƙwabta ta yi ta kukanta. Da can rufe taga nake yi. Yanzu nakan ajiye tsintsiya in ce mata, "Ina nan."