Ranar Da Na Ce Wa Maƙwabciyata Bajamushiya

Shekarun baya, muna sababbin tarewa a Gorton, wata unguwa a Manchester, Allah ya haɗa ni da wata maƙwabciya, tsohuwar Baturiya da ta haura tamanin. Ita kaɗai ce a gidanta. Ni ma kaɗaici ya ishe ni a lokacin, maigida na wurin aiki, ga goyo, ban san kowa a layin ba. Ita ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta koya mini ranakun fitar da shara, ta raka ni wurin GP, wato likitan unguwa. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini “love”. Ita ce uwata a garin nan.

To ni Allah ya yi ni da baki. Wata Asabar na hango ta ta taho daga kasuwa a ƙasa, cikin ruwan sama, da jaka biyu niƙi-niƙi, wai bas ta ɓata mata lokaci. Na tare ta ina dariya, na ce da guntun Turancina, “Kai Mama, ke fa Bajamushiya ce ta gaske!”

Kun dai san mu. In aka ce abu ɗan Jamus ne, an gama yabonsa, ƙarko ake nufi. Wallahi ni kirari na yi mata.

Sai na ga fuskarta ta canza. Ta ce, “Wa ya gaya miki?” Kafin in buɗe baki ta shige ta rufo ƙofa.

Mako biyu ba ta amsa gaisuwata. In na buga ƙofa, shiru. Na yi kuka, ba na ɓoye muku. Maigida kuwa ban da tsiya ba abin da yake mini, wai shi ya san za a rina, tunda nake fassara Hausa kai tsaye ina jefa wa Turawa.

Ran nan na ce ba zan rasa matar nan a kan abin da ban ma gane ba. Akwai shaddar da na saya ta bikin ƙanwar maigida da za a yi a Birmingham. Na ɗauko ta, na tsaya a ƙofarta ina magana ta ramin wasiƙa kamar mai tallan goro, har ta gaji ta buɗe. Na nuna mata tambarin Jamus a bakin yadin. Na kira mahaifiyata ta bidiyo, na ce, “Hajiya, keken ɗinkinki ɗan ina ne?” Ta ce, “Ɗan Jamus mana! Ya girme ki, kuma ya fi ki jin magana.” Na fassara wa Mama duka, har da zagin.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in shigo.

Ashe kakanta Bajamushe ne, mai gidan burodi a nan Manchester. Da yaƙin duniya na farko ya yi zafi, aka shiga cewa kar wanda ya ƙara sayen kayan Bajamushe, kowa ya sayi na gida. Ciniki ya tsaya. Daga baya mutane suka taru suka farfasa shagon, suka kwashe har buhunan fulawa, cikinsu har da waɗanda kullum safiya suke gaisawa da shi. Aka tsare kakan a sansani. Mahaifinta da ya girma sai ya canza sunan gidansu. Da yaƙi na biyu ya zo tana ƙarama, mahaifin ya sa ta rantse ba za ta taɓa faɗa wa kowa asalinsu ba. Ko mijinta sai bayan aure ya sani.

Ta ce, “Na zaci kin gano ne, kina yi mini gori, love.”

Na ce, “Mama, ni da ko taswirar Jamus ban sani ba?”

Ta yi ta dariya har da tari, sai da na ɗebo mata ruwa.

Na raba shaddar nan biyu, aka ɗinka mana iri ɗaya, muka tafi Birmingham da ita. A zauren biki wata gwaggon maigida ta ce, “Wannan baƙuwar tamu fa, daga ina?” Ina shirin cewa maƙwabciyata ce, sai Mama ta dafa hannuna. Ashe tun a mota take bitar kalmar a ranta. Ta miƙe, ɗaurin ɗankwalinta ya karkace, ta ce, “Ba-ja-mu-shi-ya.”

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Mata suka yo caa a kanta, wannan ta ce shi ya sa ba ta tsufa, waccan ta ja ta fili. Mama ta yi rawa da sandar da take dogarawa, tana hawaye tana dariya.

Ta rasu bayan shekara huɗu. Har yau in na tuna, mamaki nake yi, kalmar da muke yabon tukunya da ita, wata ta shekara tamanin tana tsoron a ji ta a kanta. Yanzu nakan tauna magana kafin in fassara, ko da yake maigida ya ce shi bai ga alama ba.

A hanyarmu ta dawowa daga bikin ne ta faɗa mana ainihin sunan gidansu, da ƙarfi, sau uku. Na gwada maimaitawa, harshena ya harɗe. Ta ce, “Sake, love. Tun rasuwar babana ban ji shi a bakin kowa ba.” Haka na yi ta kwaɓa shi har muka iso Gorton.