Malama Fema Na Jiran Wanda Zai Kashe Ta a Waƙa

Shekara ashirin da takwas Malama Eufemia Tijerina tana kashe mutanen unguwarmu ta yammacin birnin San Antonio, ɗaya bayan ɗaya, a takarda. Duk ranar bikin tunawa da matattu, bayan an jera hotunan iyaye da kakanni an kunna kyandirori, sai ta hau kan akwatin lemo ta karanta baitocin shekara: yadda Ramammiya, wato mutuwa, ta zo ta tafi da wane yana tsakiyar halinsa. Ta kashe mai aski yana cikin gulma, almakashi a hannu. Ta kashe Fada, limamin cocinmu, yana huɗubar da ta sa ita kanta Ramammiyar gyangyaɗi. Mutum na zaune da ransa da lafiyarsa, ana karanta ajalinsa, yana dariya har da riƙe ciki. Wanda kuwa aka tsallake, to sai ya yi wata guda ba ya gaishe ta. A wurinmu wanda ba a kashe ba, ba a san da zamansa ba.

Fema ake ce mata tun tana yarinya. Uwarta ɓarar pikan, wata irin gyaɗar bishiya, take yi a rumfa har yatsunta suka yi baƙi, ita kuma tana gefe tana rubutu a bayan tsohuwar kalanda. Ta girma ta yi koyarwa shekara talatin da ɗaya, da jan biro a maƙale a kunne. Rabin unguwa sun bi ta hannunta, kuma har yau in sun hango ta sai su gyara tsayuwa. Ta taɓa buga littafin waƙoƙi guda ɗaya. Mijinta, marigayi Anselmo, ya yi ta yawo da shi a bayan mota yana tallata shi a bakin coci, Allah sarki. Sauran kwafin suna ƙarƙashin gadonta, ban da guda ɗaya da ke tallafe da gajeriyar ƙafar teburin ajinta.

Bayan rasuwar Anselmo ta karɓi wani tsohon shagon wanki ta mayar da shi gidan fasaha: zane a bango, rawa ga 'yan mata, ajin rubutu ranar Asabar da safe. Kuma ba a shiga wurin nan a fita hannu rabbana.

"Riƙe min wannan," shi ne gaisuwarta.

Mai kawo wasiƙa ya taɓa leƙowa ya miƙa ambulan, sai ga shi a kan tsani da burushin fenti. Har yau shi ke kula da fitilun wurin.

Abin da ke cin ranta kuwa, aminiyarta Otilia kaɗai ta sani. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa rubuta mata nata baitin. Ta kashe kowa, ita ba wanda ya kashe ta.

"Wa zai fara, ƙawata?" in ji Otilia. "Ke da kika mayar min da katin Kirsimeti da jan biro?"

"Kuskure uku a layi biyu, Otilia."

"To kin ji! Shi ya sa za ki dawwama."

Malama ta yi tsaki, amma abin na yi mata ciwo. In har a cikin duk waɗanda ta koyar babu mai ƙarfin halin tsokanarta da layi huɗu, to me ta koyar? Tsoro kawai?

Bana sai likita ya ce akwai gyara a zuciyarta, za a yi mata aiki kwana huɗu bayan biki. Kafin ta iso gida labari ya riga ta. To fa! Unguwa ta koma ladabi. Miyar kazar da ake kawo mata ta cika firij har da na maƙwabta. Mai askin da ya yi shekara ashirin yana musu da ita kan yadda za a jera kujeru, yanzu sai "yadda kika ce, Malama." 'Yan kwamitin biki suka zo da murya ƙasa-ƙasa suka ce ko bana a bar zancen baitocin nan, saboda yanayi.

"Wane yanayi? Ruwa za a yi?"

Suka sunkuyar da kai. Nan ne tsoro ya kama ta sosai, tsoron da ko a gaban likita ba ta ji ba. Mutanen da ke yi maka magana a hankali haka sun riga sun fara neman hotonka mai kyau.

Ranar biki da la'asar aka cika gidan fasahar, ko'ina furanni ruwan lemo da ƙamshin burodin matattu, wanda ake gasawa don bikin. Burodin daga gidan Don Cleofas Benavides ya fito, kamar kullum; "Don" ɗin nan laƙabin girmamawa ne na dattawa a wurinmu. Shi wannan bawan Allah shekara goma sha ɗaya yana zuwa ajin Asabar. Kujerar baya ce tasa. Ya kawo burodi mai sukari, ya sha kofi biyu, in an ce kowa ya karanta abin da ya rubuta sai ya shafa gashin baki ya ce, "Ina dai tunani, Malama." Ko harafi ɗaya ba a taɓa gani daga hannunsa ba. Sau shida tana kashe shi, duk yana cikin tunani.

Malama ta hau akwatinta, Otilia ta miƙo hannu za ta tallafe ta, ta harare ta. Ta karanta. Ta kashe mai aski, ta kashe Fada, ta kashe Otilia tana neman tabarau alhali yana kanta. Aka yi dariya, amma irin ta ɗakin marar lafiya, kowa na satar kallon fuskarta. Ta ninke takardunta ta sauko, zuciyarta a dagule.

Sai kujera ta yi ƙara a baya.

Don Cleofas ne a tsaye, riƙe da takardar naɗe burodi, duk tabon mai.

"Malama, na gama tunanin."

Matarsa ta ja masa riga. "Cleofas, zauna, don girman Allah! Ba yau ba."

Bai zauna ba. Ya gyara murya, ya karanta:

"Ramammiya ta zo ɗaukar Malama,
Ta tarar da ita tana ta hidima.
'Sannu da zuwa, riƙe min kujera,
In kin ajiye, ga tsintsiya, ga shara.'
Ta ce, 'Ajali na kawo a rubuce.'
Malama ta karɓa, ta duba, ta ce,
'Wannan rubutun? Je ki sake, ki dawo.'
Har yau tana kujerar baya kusa da ni, tana tunanin abin da za ta kawo."

Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye. Kowa ya juya wajen Malama, ita kuwa ta dafe ƙirji da hannu, har Otilia ta zabura.

Ashe dariya ce. Ta ɓarke da ita, irin wadda ba a taɓa jin ta yi ba, har jan biron ya faɗo daga kunnenta. Sai wurin ya ɗauka gaba ɗaya. Mai aski na buga cinya yana cewa, "An kama ta! Yau dai an kama ta!" Hawaye na zuba a fuskarta, ba ta ko share ba. Daɗi ne take ji, ba ta kuma damu a gani ba.

Ta tsinci bironta ta taka har kujerar baya, ta karɓi takardar ta duba sama da ƙasa.

"Shekara goma sha ɗaya, Cleofas. Kofi nawa ka shanye min?"

"Ai ya yi amfani, Malama."

"Layin ƙarshe ya yi tsawo. Yana jan ƙafa kamar mai shi."

"Na sani," in ji shi. "Da gangan na bar shi. Ki je ki dawo ki gyara."

Malama Fema ta ninke takardar mai tabon man ta sa a jakar da ta haɗa ta asibiti, wadda ke rataye a kafaɗarta tun safe, ko da yake saura kwana huɗu, saboda kada ta manta. Sannan ta kama hannunsa ta danƙa masa jan biron.

"Riƙe min wannan," ta ce. "Saura ka ɓatar."