Ƙwaƙwalwar Dakta

Tun ranar da na fara ganin matar nan mai jar mota ban yarda da ita ba. A lokacin ina aikin kula da wata tsohuwa Bayahudiya a unguwar Irving Park, can ƙasar Turawa, kullum da safe in taso daga garin McLeansville a tsohuwar motata. Dakta muke ce wa tsohuwar. Ba likitar asibiti ba ce, masaniyar ƙwaƙwalwa ce, ta ƙarar da ƙuruciyarta tana binciken yadda mutum yake tuna abu da yadda yake mantawa. Ta ce min da ta fara aiki ita kaɗai ce mace a sashensu, aka ba ta ɗaki a ƙasa kusa da kejin ɓeraye, baƙi kuma suna ɗauka ita ce mai kawo shayi. Ga shi a ƙarshe mantuwar da ta daɗe tana bi ta biyo ta har gida.

Mai jar motar tsohuwar ɗalibarta ce. Duk mako sai ta zo da kek, ta zauna tana jero tambayoyi: yau wace rana ce, me kika ci da safe. Ga fara'a, ga ladabi. Amma ni na lura idonta ba ya tsayawa a fuskar tsohuwar, a goshinta yake, irin kallon da ake wa rago ana gobe Sallah.

Ɗan Dakta ne ya fasa min ƙwan. Mutum ne mai riƙo da addininsu, a wata jiha yake zaune, ba ya rabuwa da 'yar hularsa. Ya same ni a kicin ya ce mahaifiyarsa ta yi wa ɗalibar alkawarin ƙwaƙwalwarta, da ta cika za su zo su cire kafin ta lalace.

Ya ce, "A wajenmu ana binne mutum da wuri, kuma da dukkan jikinsa."

Na ce, "Mu ma haka ne."

Ya ce, "To idan lokacin ya yi, ni za ki fara kira. Na san abin da zan yi."

Ranar Juma'a na kai zancen wajen wata Hajiya a masallaci. Ta tafa hannu ta ce, "Ke dai ki yi hankali. Mutanen nan research ɗinsu ya fi musu ɗan Adam. Sun ga brain ɗinta ya fara tafiya ne, shi ya sa suka lallaɓa ta." Zancen ya zauna min daram, don dama abin da nake so in ji ke nan.

Sai na shiga gwada Dakta. Kowace safiya ni nake taje mata farin gashinta, to a nan nake sako tambayar, yau ta wannan hanya, gobe ta waccan. Jira nake ta ruɗe ko ta ce ba ta san zancen ba, in samu hujja. Ina! Har a ranakun da take tambayata wace ce ni, amsar ba ta canzawa.

Takan ce, "Ƙwaƙwalen mutane da yawa na yanka, danginsu ne suka ba ni suna kuka. Yanzu tawa ta lalace ta hanyar da na fi son gani, ni kuma ba zan gani ba. Ɗalibata ce za ta duba min."

Wata rana ta kama hannuna ta ce, "Gwada ni kike yi, ko? Na san aikin, na fi ki daɗewa a ciki. Gashin naki ne, ki gyara shi da kyau. Abin da ke ƙarƙashinsa nata ne." Na ji kunya, na kuma ji haushi.

Wata rana da hantsi ta rasu, a kujerarta ta bakin taga. Na tsaya da waya a hannu. Wallahi zuciyata tana wajen ɗan, don abin da yake so shi nake so a yi wa gawata. Amma bakinta na ji da kunnena, ba sau ɗaya ba. Na kira mai jar mota.

Ta iso tana kuka, amma kukan bai hana ta buga waya tana shirya masu ɗauka ba, kuma na lura da hakan. Kafin su zo na taje gashin a hankali. Sannan na kira ɗan.

Ya ce, "Wa kika fara kira?" Na faɗa masa. Ya kashe wayar.

A garinmu mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka kabarinta ne na farko da na taɓa tsayawa a bakinsa. Akwatin katako ne, babu ado. Mutane suka yi layi, kowa ya zuba ƙasa da shebur. Ɗan yana gabana. Da ya gama na miƙa hannu in karɓa, sai ya soke shebur ɗin a tarin ƙasa ya wuce, ko kallona bai yi ba. Na zare shi da kaina na zuba.

Daga baya mai jar motar ta ce min al'adarsu ce, ba a miƙa shebur hannu da hannu a wajen binnewa. Wataƙila haka ne. Sai dai daga bakinta na ji, shi kuwa bai sake yi min magana ba balle in tambaye shi.