Tafkin Jimrau

Jimrau mutumin wani ƙauye ne kusa da Birnin Lalle, a ƙasar da yau ake kira Dakoro. Manomin gero ne, ba shi da wani abin a zo a gani sai baki. Sau ɗaya tak ya taɓa bin ayarin gishiri a ƙuruciyarsa, shi ma zawo ya kwantar da shi a Agadas, ayari ya wuce ya bar shi. Wata biyu yana jinya gidan wani tsohon Buzu, a nan aka nuna masa tauraron arewa, wanda ba ya gusawa ko da sauran taurari sun juya.

Da ya tsufa, yara kan kewaye shi bayan magariba. Sai ya ɗauko mazarin matarsa Ma'u, tana masifa yana dariya, ya murza shi a tasa.

"Ku duba, cikin yana ta gudu, amma kai da gindi suna nan inda suke. Haka sama take juyawa. Kan nan shi ne ƙarshen arewa, ƙarƙashin tauraron can. Gindin kuwa ƙarshen kudu."

Da nan ya tsaya, da babu wanda zai zarge shi. Amma jikansa Rabo, mai bakin tsiya tun yana ɗan shekara bakwai, ya ce, "Tsoho, kai ka je can, ko dai labarin zawo za ka ba mu?"

Yara suka kwashe da dariya. Abin ya sosa wa Jimrau rai, sai bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce ya je mana. Wai akwai tafki a can mai sanyi kamar ruwan randa, ba ya ƙafewa, ciyawa har ƙugu, kwana ashirin idan ka sa tauraron a goshi. Ma'u ta harare shi, ya kau da kai. Washegari yara suka nemi ƙari, ya ƙara. Shekara da shekaru tafkin nan yana ta ƙara faɗi a bakinsa.

Sai aka yi farin da ya ƙone gero tun bai yi kai ba. Rijiyoyi suka ja baya, kudu kuma mahara sun tare hanya. Lokacin Rabo ya zama magidanci, shanu talatin na hannunsa, rabi nasa, rabi na maƙwabta da suka ba shi kiwo. Da hantsi ya zo ya durƙusa gaban kakansa, ba wasa a fuskarsa.

"Kaka, arewa za ni da dabbobi. Kwana ashirin ka ce ko?"

Dattawa uku na zaune a wurin, waɗanda su ma sun sha jin labarin. Jimrau ya dube su, kunya ta kama shi. Wallahi kalma biyu ce kawai ake bukata, amma mutumin nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi kiyaye hanya."

Tun daga ranar tuwo ya daina wuce masa wuya. Ya rame, ya bar zama da yara. Kullum ya ga Safi, matar Rabo, da goyo a baya tana leƙen hanya, sai ya ji kamar shi ya kashe mata miji da hannunsa.

Bayan wata biyu Rabo ya dawo, leɓe a tsage, yana jan saniya biyu. Bai shiga gidansa ba, wurin kakansa ya fara zuwa. Ya durƙusa, hawaye na zuba.

"Kaka, ka gafarce ni. Na bi tauraron yadda ka ce, kwana ashirin da shida, ban ga ruwa ba. Ni na ɓata hanya. Na kashe dukiyar mutane, na kuma ba ka kunya."

Jimrau ya dafa kafaɗar Ma'u ya miƙe, ya ce a kira masa masu shanun duka, da Safi, da liman. Da suka taru, ya zube a gwiwa gaban jikansa, tsoho mai shekara tamanin.

"Ba ka ɓata hanya ba, Rabo. Ban taɓa wuce Agadas ba."