Muciya a Hannun Mai Furfura

Ina neman gafarar Allah, sannan ta matata. Shekara talatin da 'yan kai ina cin tuwonta a gidanmu na Unguwar Tudu, ban taɓa ce mata sannu da aiki ba. In ya yi tauri na yi mita, in ya yi ruwa na yi mita.

Daminar bara santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, hannunta na dama ya karye. Mai ɗori ya ce kwana arba'in kada ta ɗaga ko ludayi. 'Ya'yanmu mata biyu suna gidajen aurensu, ta garin Gude tana jego, ta garin Dugabau ga tsohon ciki. Maƙwabta sun yi ta aiko da abinci, Allah ya saka musu. To amma akwai Inna, mahaifiyata, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya. Ba ta cin komai sai tuwon dawa mai laushi, shi ma na tukunyar gida. In aka kawo na waje, sai ta sansana ta ture kwanon. Kwana biyu koko kaɗai take sha, har wuyanta ya fara ramewa.

Rana ta uku na rufe zaure na sa sakata, don kada a ga dattijo kamata a gindin murhu. Matata ta zauna a tabarma, hannu a rataye.

"Malam, talge ake fara yi. Ka dama gari kaɗan da ruwan sanyi, ka zuba a tafasasshen, ya dahu tukuna."

Na ce, "Ni za ki koya wa gari da ruwa?"

Na juye garin gaba ɗaya. Abin da ya fito gudaji ne zalla, kowanne kamar ƙwan zabo. Inna ta fasa ɗaya da yatsa, ɗanyen gari ya zubo. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana.

Ta ce, "Kai, ka kai wa kaji, in za su yarda."

Washegari na yi talgen, amma na ƙi zama a kujerar mata. Na tsaya tsaye, na riƙe muciya kamar fartanya, na danna da ƙarfin noma. Tukunya ta kife, wuta ta lashi gefen gemuna. Matata ta yi dariya har ɗorinta ya motsa, ta koma salati.

Ashe maƙwabcina yana kan rufin ɗakinsa yana toshe yoyo, ya ga komai. Da na fita sallar la'asar, majalisa ta tarbe ni.

"Barka da fitowa, uwargida! Yau miyar me muka samu?"

Na yi musu ƙarya, na ce maganin basir nake dafawa. Wannan ma ina tuba. Na dawo gida na ce na daina. Sai na leƙa ɗakin Inna, na tarar tana lallaɓa kofin koko da hannu biyu. Na fito na jawo kujerar matan nan na zauna.

Na ce wa matata, "To, faɗa mini daga farko. Ba zan sa baki ba."

Kwana shida muka yi. Na koyi barbaɗa gari kaɗan-kaɗan, da tuƙi daga gindi, da rage wuta a rufe ya turara. Kafaɗata ta yi tsami fiye da ranar huɗa. Ran na bakwai ya fito sumul. Na kwashe da mara, na zuba miyar kuka, na kai wa Inna ina zufa.

Ta sansana. Ta gutsura ta kai baki. Ta sake gutsura. Ni da matata muna kallo har ta cinye malmala guda ta suɗe kwano. Sannan ta juya wajen matata.

"Allah ya ba ki lafiya da wuri, 'yar nan, ki karɓe mu daga hannun wannan."

Ta miƙo mini kwanon ba tare da ta dube ni ba.

"Kai, ƙaro rabi."