Littafin Waken Gwaggo Rakiya

Ranar Asabar da ta wuce, ƙarfe biyar saura kwata na yamma, ina cikin mota a Nyanya, Maman Joy maƙwabciyarmu ta kira ni tana kuka: "Sadik, ka zo, sun kashe Gwaggo." Na isa Kurudu ƙarfe shida da minti goma. An riga an lulluɓe ta da zane.

Gwaggo Rakiya ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni har na gama jami'a bana. Duk Asabar takan tara yaran unguwa a tsakar gidanmu, ta koya musu kimiyya da abin da ke gabansu: wake a gwangwani suna auna tsawonsa da zare, tsutsa a kwalba har ta yi fiffike. Takan ce, "Kalla da kyau. Rubuta abin da idonka ya gani, abin da aka ce maka ka bar shi a bakin mai faɗa." Haka zan yi, don an ɓata mata suna.

Ranar ta kai yara uku rafin da ke bayan sababbin gine-gine su ɗebo 'ya'yan kwaɗi. Ƙaya ta soki Joy, 'yar shekara shida, ta fasa ihu. Wani ya ce, "Ɓarauniyar yara!" Jama'a suka taru, aka zazzage jakar Gwaggo: kwalabe huɗu, reza, saɓar maciji, da littafi mai sunayen yara goma sha ɗaya, kowane suna da lamba a gefensa. Suka ce farashin yaran ne. Tsawon waken kowane yaro ne. Maman Joy ta tsinto littafin a laka, na bi gwangwanayen na auna, duka goma sha ɗayan sun yi daidai cif.

Da duwatsu da katako suka far mata. Matan da suka yi mata wanka sun ce hannunta na dama ya karye wuri biyu. Joy ta riƙe ƙafar wani mutum tana cewa, "Oga, malamarmu ce!" Ya shure ta. Maganar Gwaggo ta ƙarshe da yaran suka ji ita ce, "Ku juya baya, kada ku kalla." Ban taɓa jin ta hana yaro kallo ba sai ranar.

Allah ya jiƙanta da rahama, ya ba mu haƙuri, ya sanyaya zukatan yaran nan uku.

Abin da ban sani ba har yau: wanda ya fara ihun ɓarauniya, ko mutum nawa suka ɗaga dutse, ko wanda ya buɗe littafin ya ga kalmar "wake" a saman shafin, da abin da zan ce wa yaran jibi Asabar, idan suka zo da zarensu na awo.